Layi Biyu a Aljihu Ɗaya: Tarihin Sauya Saiti Tsakanin Madarumfa da Jibiya

Idan motar haya ta baro Maraɗi ta miƙi hanyar Katsina, hira takan yi daɗi har Ɗan Isa. Da an wuce shingen duwan kuwa, sai surutu ya ragu, kawuna su sunkuya. Wannan ya zaro waya yana kashe layin Nijar yana tada na Najeriya. Wata dattijuwa ta kwance bakin zane, ta ture sefa gefe, ta matso da naira kusa. Ɗan kasuwan da ke gidan gaba ya fito da ƴar rautarsa ta aljihu, wadda aka fi sani da MiFi, ya ɓalle murfi, ya ɗaga batir, ya cire abin da ake kira pus a Maraɗi, ya sa abin da ake kira sim a Katsina. Abu ɗaya ne, ɗan guntun roba mai ɗigon ƙarfe ruwan zinariya, sunan ne kawai ya bi ƙasa. Kafin direba ya gama da ƴan kwastan na Magama, rautar ta kama sabis, saƙonnin WhatsApp sun fara zubowa.

Ƙasar da wannan hanya ta ratsa ita ce gundumar Madarumfa ta jihar Maraɗi, mai ƙananan hukumomi shida: Madarumfa, Ɗan Isa, Gabi, Safo, Jiratawa da Sarkin Yamma. Ƙidayar 2012 ta samu mutum fiye da dubu ɗari huɗu a cikinta. An san garin Madarumfa da tafkinsa da kaburburan waliyyai 99 da ke kewaye da shi, inda jama'a daga Nijar da Najeriya ke zuwa ziyara lokacin Mauludi. A 2006 gwamnatin Nijar ta sa tafkin da dajin da kaburburan cikin jerin wuraren da take neman UNESCO ta karɓa. Gulbin Maraɗi da ke shayar da fadamar yankin daga ƙasar Katsina yake tasowa, ya biyo ta Jibiya, ya shigo Nijar, ya yi baka, sannan ya koma Najeriya ya faɗa kogin Rima.

Mutanen gulbin nan harshensu ɗaya, danginsu ɗaya, suna cin kasuwa tare suna aurar da juna. Amma duk abin da hukuma ta shimfiɗa musu biyu ne: kuɗi, takarda, hanya, wuta, waya. Shi ya sa mutumin Madarumfa ya daɗe da sabawa da riƙe tsari biyu, na zama gida da na tafiya, da kuma sanin wurin da ake ajiye ɗaya a ɗauki ɗaya. Rautar aljihu ta zo ne ta tarar da wannan al'ada ta haura shekara ɗari.

Dajin da ke tsakani

Rabuwar ma ta riga zuwan Turawa. Bayan dakarun jihadin Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo sun ci Birnin Katsina a 1807, gidan sarautar Haɓe ya yi arewa, ya yi ƴan shekaru yana neman wurin zama, har Ɗan Kasawa ya kafu a Maraɗi wajen 1819. Har yau Sarkin Katsina ake ce wa sarkin Maraɗi. Tsawon ƙarnin nan Katsina biyu suka riƙa kai wa juna hari, ƙauyukan da ke tsakani suka tashi, gonaki suka koma daji. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya biyo ta Tasawa da Gazawa zuwa Katsina a Janairun 1851, ya ba da labarin yadda ayari ke ratsa dajin kudu da Gazawa cikin ɗar-ɗar.

A irin wannan hanya ran ayari yana hannun madugu. Shi ya san rijiyar da ba ta ƙafe ba, da zangon da za a kwana, da sarkin da za a kai wa gaisuwa da abin da ya dace a kai masa, da mai masaukin da zai tsaya wa baƙo a kasuwa. Ya san inda ambaton Sarkin Maraɗi zai buɗe ƙofa, da inda zai jawo a ƙwace jakuna. Wannan ilmi a ka yake, ɗa ya koya daga uba a kan hanya. Da ayari ya shiga ƙasar wani sarki, madugu ya sauya baki da lissafi, ya adana na baya don ranar komowa.

Da komai ya zama biyu

Turawa sun ja layinsu a takarda tun kafin su taka ƙasar. Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1890 ta ɗauko layi daga Sayi a bakin Kwara zuwa Barwa a bakin tafkin Cadi. Aka gyara shi a 1898, aka sake a 1904 da 1906, domin Faransawa suna neman hanya mai rijiyoyi tsakanin kogin Kwara da Damagaram. Daga 1906 zuwa 1908 Kyaftin Tilho na Faransa da Manjo O'Shee na Ingila suka bi ƙasa suna kafa alamun iyaka. Maraɗi da Madarumfa suka faɗa rabon Faransa, Katsina da Jibiya rabon Ingila.

Kuɗi ne ya fara shiga aljihun talaka. A kudu fam da sule da kwabo aka riƙa kashewa har ranar 1 ga Janairun 1973 da naira ta fito. A arewa kuɗin Faransa ne, sannan sefa daga Disambar 1945. Lissafin baki ma ya rabu. A Madarumfa da dala ake ƙirga, dala ɗaya sefa biyar, dala ashirin sefa ɗari, jaka kuma sefa dubu. A Katsina jaka fam ɗari ce, wadda ta koma naira ɗari biyu. Saboda haka idan aka ce jaka goma a kasuwar bakin iyaka, mai hankali yakan tambaya ta wa kafin ya ce ya sallama. Daga nan sana'ar ƴan canji ta samu gindin zama, kuma duk girgizar da ta samu ɗaya daga cikin kuɗin biyu, kamar faɗuwar sefa da rabi a Janairun 1994, su ne suke fara jin ta.

Hanyar mota ma hannu biyu gare ta. Har zuwa ranar 2 ga Afrilun 1972 a Najeriya hagu ake bi irin na Ingila, a Nijar kuwa dama. Gyaɗar Maraɗi da yawa ta Kano take fita, inda jirgin ƙasa ya fara jigila tun 1912, don haka direban da ya ɗauko kaya daga Maraɗi sai ya sauya hannu a kan iyaka, ya sake sauyawa in zai komo. Wanda ya manta, karo da wata motar ne zai tuna masa.

Rabuwar ta shiga har bangon ɗaki. Soket ɗin Nijar na Faransa ne, mai rami biyu zagayayyu. Na Najeriya na Ingila ne, mai rami uku masu kusurwa. Cajar da aka sayo a Kano sai an nema mata adafta a Madarumfa. Ta shiga baki kuma: duwan da kwastan, kuran da nepa, kabu-kabu da acaɓa, likita da asibiti. Agogo ne kaɗai ya tsira, domin ƙasashen biyu lokacinsu ɗaya, ƙarfe biyun Ɗan Isa ita ce ƙarfe biyun Jibiya.

Daga tangaraho zuwa akwatin rediyo

Kalmar waya kanta daga Ingilishi ta shigo, kuma asalinta sunan zaren ƙarfen da aka ja kan turaku don tangaraho. Daga can aka samu buga waya da gidan waya. Sai dai wayoyin mulkin mallaka hedikwata suka nufa: na Faransa ta Yamai da Dakar zuwa Paris, na Ingila ta Kaduna da Ikko zuwa Landan. A Afirka ta wancan zamani ba abin mamaki ba ne kiran tarho tsakanin ƙasashe maƙwabta ya bi ta Turai kafin ya iso. Ko bayan samun ƴancin kai a 1960, tarho kayan ofis ne da gidajen manyan alhazai. Talaka direba yake ba wasiƙa, da ajami ko da boko, ko ya yi sallahu ta bakin mai zuwa cin kasuwa. Da kaset ya yawaita, wasu suka riƙa ɗaukar muryarsu su aika wa ɗan ci-rani.

Rediyo ne ya fara nuna wa mutanen gulbi cewa abin da ke tafiya cikin iska ba ya tsayawa shinge. BBC ta buɗe sashen Hausa a 1957, gidan rediyon Nijar da ya zama Muryar Sahel ya fara aiki a 1958, na Kaduna a 1962. Mai akwatin rediyo a Safo ko Gabi ya haddace mitocinsa: nan da asuba, can da hantsi, wancan bayan isha'i. Wasu kan ɗiga alama jikin gilashin akwatin domin allura ta koma wurinta ba da lalube ba. Labarin gida a Yamai ake nema, farashin kaya da waƙa da zaɓi-sonka a Kaduna, abin da hukumomin biyu suka yi shiru a kai kuma a Landan.

Salula da layin ajiya

Shekarar 2001 ta kawo salula ɓangarorin biyu kusan lokaci guda. A watan Agusta Econet da MTN suka fara aiki a Najeriya, a shekarar kuma Celtel ta buɗe a Yamai. SahelCom da Telecel suka biyo baya a Nijar, Glo ta fito a Najeriya a 2003, Orange ta shigo Nijar a 2008. Sunayen sun yi ta sauyawa har masu sayar da kati suka gaji da sake fentin rumfa. Celtel ta zama Zain a 2008, ta zama Airtel a 2010. Telecel ta zama Moov. Sonitel da SahelCom suka haɗe suka zama Niger Telecom a 2016. Orange ta sayar da reshenta na Nijar a 2019, aka raɗa masa suna Zamani.

Abin da bai sauya ba shi ne 227 da 234. Lambar Nijar alƙaluma takwas ce, ta Najeriya goma sha ɗaya in ana kira daga cikin gida. Mutumin Ɗan Isa da zai gaida ƙanwarsa da ke aure a Jibiya, tafiyar da babur ke yi ƙasa da awa guda, kiran ƙasar waje yake yi, kuma kuɗin ƙasar waje yake biya. Dabarar da jama'a suka samu ita ce layin ajiya. Da farko a takarda ake naɗe shi, a cusa bayan batir ko cikin ƙuryar hula. Sai ga wayoyin Sin masu ɗaukar layi biyu, irin su Tecno da itel, suka cika kasuwa. A wasu wurare an so su ne don a bi rangwamen kamfanoni. A bakin iyaka ƙasa biyu suke ɗauke da ita.

Sau ɗaya tsarin kamfani ya sunkuyo ya bi matafiyi. Celtel, wadda attajirin nan haifaffen Sudan, Mo Ibrahim, ya kafa, ta ɓullo da shirin One Network a Satumbar 2006 tsakanin Kenya da Tanzaniya da Uganda, a Nuwambar 2007 kuma shirin ya iso Nijar da Najeriya. Mai layin Celtel yana iya tsallaka iyaka ya amsa kira kyauta, ya yi kira da farashin ƙasar da ya sauka, ya sa katin can. Fatake sun ji daɗinsa ƙwarai. Amma kamfani ɗaya ne cikin da yawa, dangi da abokan ciniki kuwa suna warwatse a sauran layuka, garaɓasar kowane kamfani kuma a ƙasarsa take aiki. Layin ajiya ya ci gaba da zama.

Daga baya hukumomi suka ɗaure kowane layi da takardar shaida. A Nuwambar 2013 Nijar ta rufe kusan kashi ɗaya cikin uku na layukan ƙasar saboda rashin rajista. A Disambar 2020 Najeriya ta wajabta haɗa layi da lambar zama ɗan ƙasa ta NIN. Ɗan kasuwan da ke da asusun banki a Katsina ba shi da zaɓi sai ya raya layinsa na can, domin a kansa lambar tabbatar da biya take shigowa. Nasa na gida kuma shi ne wanda ya bayar a ofisoshin aika kuɗi irin su Nita da Amana. Layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba kamfani kan karɓe, don haka ko bai yi tafiya ba sai ya riƙa ɗan taɓa shi.

Abin da ke cikin akwatin

A Jibiya waifai ake cewa, a Madarumfa wifi, kowa da bakin Baturen da ya gada. An fitar da ƙa'idar fasahar a 1997, aka ba ta wannan suna a 1999, ƴar rautar aljihu mai suna MiFi kuma kamfanin Novatel Wireless na Amurka ya fito da ita a 2009. A ƙasashen da waya ta shiga kowane gida, rauta igiya take sha daga bango. A nan igiyar ba ta kai yawancin gidaje ba, don haka rautar layin salula ake sa mata, ta jawo intanet daga turken kamfani ta raba wa na kusa. Iri biyu ake gani. Akwai ta zaune, mai shan kuran ko batirin hasken rana, a shago ko ofis ko gidan mai hali. Akwai ta aljihu, ta ɗalibin Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da aka buɗe a 2010, ko na Jami'ar Maryam Abacha da ta fara a 2013 ta jawo ɗalibai da yawa daga Najeriya, ko ta mai fataucin wake da aya da riɗi da dabbobi, wanda hoton rago yake aikawa Kano a yi ciniki da saƙon murya tun ragon yana turke.

Saitin rauta a wani shafi yake ɓoye, wanda ake shiga ta hanyar rubuta adireshi a waya. Na yawancin ƴan Huawei 192.168.8.1 ne. Abu na farko da matafiyi ke dubawa a ciki shi ne APN, wato sunan ƙofar da kowane kamfani ke shigar da masu layinsa intanet. Ta MTN a Najeriya web.gprs.mtnnigeria.net ce, ta Glo gloflat. Idan aka sauya layi, ƙofar ta tsaya kan ta da, sai a ga fitila ta yi kore, sandunan rezo, wato sabis, sun cika, amma ko saƙo ɗaya ba ya wucewa. Wasu na'urorin kan gane sabon layi da kansu, wasu sai an rubuta musu. Shafin yana ba da damar adana ƙofa fiye da ɗaya, kowace da sunanta, kuma wanda ya saba yakan sa wa ɗaya gida, ɗaya tafiya, ya riƙa zaɓa da taɓawa ɗaya.

Na biyu shi ne zaɓen turke. Kowane layi yana ɗauke da lambar ƙasarsa, 614 ta Nijar, 621 ta Najeriya, amma a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa irin wannan turke yana jefa sabis kilomitoci da yawa, har ya haura iyaka. Rautar da aka bari ta zaɓi turke da kanta, an kuma bar mata romin, wato damar aiki da turken wata ƙasa, a buɗe, tana iya kama na ƙetare mutum yana zaune a tsakar gidansa. Forfen intanet da ya saya yana nan bai taɓu ba, kuɗin katinsa ne ke zurarewa da farashin baƙo. Maganin abin a kashe romin, a ɗaure rautar kan kamfani ɗaya da hannu. Wanda ya yi haka kuwa sai ya tuna ya kwance ta ranar tafiya, in ba haka ba ta yi ta neman turken da aka baro a baya.

Na uku sunan wifi da kalmar sirrinsa. Waya ba ta damu da wace rauta ce ba. Suna da kod take dubawa. Idan ta aljihu da ta gida suna ɗauke da suna ɗaya da kod ɗaya, waya da kwamfuta za su kama kowace ba tare da an sake rubuta komai ba. Sauƙi ne babba ga mai tafiya da iyali. Amma a tasha ko masauki, inda kunya ba ta barin a hana abokin tafiya kod, wanda ya bayar ya ba da mabuɗin gidansa ke nan. Shi ya sa wasu ke ware na tafiya dabam, su sauya shi duk dawowa. Akwai kuma kod ɗin shiga shafin saitin kansa, wanda kamfani ke bugawa jikin murfi, sau da yawa kalmar admin ce kawai. Duk wanda ya kama wifin yana iya shiga da ita ya birkita komai, in mai abu bai sauya ta ba.

Sai adanawa. Rautoci da yawa suna iya fitar da dukan saitinsu a ɗan fayil guda, a ajiye a waya, a mayar ranar da abu ya rikice. Ranar kuwa takan zo, domin akwai ɗan rami jikin na'urar da ake soka tsinke a danna, ta koma yadda ta fito daga kamfani, ta manta suna da kod da ƙofa gaba ɗaya. Fayil ɗin irin na'urar da ta fitar da shi kaɗai yake shiga, don haka masu gogewa sukan haɗa da ɗaukar hoton kowane shafi, ko su rubuta a takarda.

Ba kowa ke iya wannan da kansa ba, shafin kuwa da Faransanci ko Ingilishi yake magana. Nan masu gyaran waya suka shigo, daga rumfunan caji na ƙauye har babbar kasuwar Maraɗi da kasuwar waya ta Farm Centre a Kano. Rautar da kamfanin layi ya sayar yawanci a kulle take, ba ta karɓar layin kowa sai nasa. Buɗe ta shi ake kira dekode a wannan gefe. Mai gyara ya san wadda ke buɗuwa da wadda ba ta buɗuwa, ya san ƙofar kowane kamfani, ya san ƙauyen da wane rezo ya fi ƙarfi. Yawancinsu a rumfar ubangida suka koya, suka ƙara da bidiyon YouTube. Irin tambayar da ake yi wa madugu daren tashin ayari, yau su ake yi wa.

Shekarun rufewa

Mutanen Madarumfa sun san rufe iyaka. Wanda gwamnatin sojan Janar Buhari ta fara a Afrilun 1984, aka ci gaba da shi har Maris 1986, ya zo daidai da fari, har yunwar shekarar ta samu suna El Buhari a bakin jama'a. An sake rufewa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. Abin da ba su saba gani ba shi ne rufe iska, sai 2021 ta kawo shi sau biyu. A ƙarshen Fabrairu, bayan zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa, aka katse intanet ɗin salula a Nijar wajen kwana goma. Wanda ke da layin Najeriya a inda sabis ɗin can ke kaiwa shi ke da taga. A Satumba abin ya juya: Najeriya ta kashe turakun jihar Zamfara, sannan na ƙananan hukumomi 13 na Katsina, har da Jibiya, don daƙile ƴan bindiga. Jaridu suka ruwaito cewa a bakin iyaka an koma neman layukan Nijar, kuma ƴan bindigar ma sun gano wannan hanya. Ƙauyukan Gabi da na gefen dajin Baban Rafi sun ɗanɗana ɗacin abin, domin wayar da ake faɗakar da maƙwabta cewa mahara na tafe, ta cikinta ake kira a nemi kuɗin fansa.

Juyin mulkin da aka yi a Nijar ranar 26 ga Yulin 2023 ya taɓa wani gefen. Ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma ta sa takunkumi ranar 30 ga wata, aka rufe iyaka, a farkon Agusta kuma Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, wadda ta kai wajen kashi 70 cikin ɗari na abin da ƙasar ke sha. Jihar Maraɗi ta layin Katsina zuwa Gazawa take samun tata. Rautar zaune ta riƙa mutuwa tare da kuran, ta aljihu mai batir ta zama ta gida, faranti mai zuƙo hasken rana ya ƙara daraja. An ɗage takunkumin ranar 24 ga Fabrairun 2024, aka buɗe iyaka a Maris, cikin watan kuma, ranar 14, igiyoyin intanet na ƙarƙashin teku suka tsinke a gaɓar Afirka ta Yamma, layin gida da na tafiya suka yi nauyi tare.

Siyasa ta sake zana taswirar romin. Ƙungiyar Afirka ta Yamma ta amince da dokar sauƙaƙa kuɗin romin tsakanin membobinta tun Disambar 2017, amma Nijar ta kammala ficewa daga ƙungiyar ranar 29 ga Janairun 2025. A Nuwambar 2024 Nijar da Mali da Burkina Faso suka sa hannu kan tasu yarjejeniyar. Ta yi wa mai zuwa Bamako daɗi, garin da ke nesa da fiye da kilomita dubu. Katsina, wadda mutumin Madarumfa ke zuwa ya komo a yini ɗaya, ba ta ciki. Starlink mai jawo intanet daga tauraron ɗan'adam ta fara aiki a Najeriya a Janairun 2023, a Nijar a Maris 2025, kuma ita ma da ƙasa take rajistar kowane faranti, kuɗin na zaune dabam, na yawo dabam.

A Fabrairun 2021 aka aza harsashin layin dogo mai kilomita 284 daga Kano, ta Daura da Katsina da Jibiya, wanda zai ratsa ƙasar Madarumfa ya tsaya Maraɗi. Kafin jirgin ya iso, motar haya ce da babur, da rumfar mai gyara kusa da tasha. Idan ya gama saita wa mutum rauta yakan yago ƴar takarda ya rubuta jeri biyu, sama gida, ƙasa tafiya, kowane da ƙofarsa da kod ɗinsa. Ya ninke ta siririya, ya kwantar da ita kan batir tare da layin ajiya, ya mayar da murfi, sannan ya tambayi mai ita ko da sefa zai biya ko da naira.